Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirya Gida Da Iyali Kafin Ambaliya

Ruwan da ya ci Maiduguri a daren 9 ga Satumba, 2024, wayewar 10 ga wata, ya tarar da mafi yawan mutane a kan shimfiɗa. Madatsar ruwan Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa, kafin hantsi ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu, har gidan namun daji bai tsira ba. Na Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025 shi ma kafin gari ya waye ya zo, ya tafi da fiye da mutum 150. Haka na Jibiya a watan Yulin 2018, cikin dare.

Wanda aka tasa ƙarfe biyun dare, ruwa a idon sawu, babu wuta, yara na kuka, ba ya iya tunani mai kyau komai hankalinsa. Saboda haka duk shawarar da za a buƙata a wannan dare, tun bazara ake yanke ta, ana zaune a inuwa. Abin da wannan jagora ya ƙunsa ke nan.

Da farko, wane ruwa ne naka?

Ambaliya ba iri ɗaya ba ce. Akwai ruwan sama da ke jiƙa gini kwana da kwanaki har ya kwanta, ko da ɗigo ɗaya bai shigo ta ƙofa ba. Shi ne ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram a Satumban 2024. Akwai ruwan unguwa, wanda ya rasa hanya saboda lambatu ya toshe ko an yi gini a kan mafitarsa. Yana zuwa da sauri, yana janyewa cikin sa'o'i. Sai kuma ruwan kogi, wanda zai iya zuwa rana tsaka, sama fes babu ko hadari, domin a wani gari mai nisa aka yi shi, ko kuma an buɗe madatsa.

In kana kusa da kogi, ka san abin da ke samanka. Mutumin Ringim, Auyo ko Haɗeja ya sa kunne ga labarin madatsun Tiga da Challawa. Na bakin kogin Rima, Goronyo. Na Yola, Numan, Makurɗi da Lakwaja, Lagdo ta ƙasar Kamaru, wadda sakin ruwanta ya ƙara wa ambaliyar 2012 da ta 2022 ƙarfi. Na jihar Neja yana da Kainji da Jebba da Shiroro. Hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Gidajen rediyo suna kawo su da Hausa. Ka saurara ka ji ko an ambaci taku.

Amma hasashen hukuma ba zai gaya maka ta wane lungu ruwa zai shigo gidanka ba. Wannan sai tsofaffin unguwa. Ka je ka tambaye su: yaushe ruwa ya taɓa shigowa nan, ina ya tsaya, ta ina ya fita? Alau ta taɓa yin irin wannan a 1994, shekara 30 cif kafin ta maimaita, kuma wanda ya sayi fili bayan nan bai ga na farko ba. Sunan unguwa ma shaida ne. Magabata ba su sa wa wuri Fadama, Kwari, Gangare ko Bakin Rafi don ado ba. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ka ɗauki lema ka zaga gidanka ciki da waje yana cikin sauka, ka ga inda yake taruwa da inda yake bi. Minti goma na wannan zagaye sun fi duk wani kirdado.

Gini: aikin bazara

Ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta kai da ta ƙafa. Ka fara da kai. In soro ne, a tuge ciyawar da ta tsiro, a cike tsaga, a sake yaɓe, a duba azara ko gara ta ci. Indararo kuwa shi ne abin da aka fi rainawa alhali shi ke rusa ɗaki: in ya toshe ruwa ya kwanta a bisa, in ya gajarta ya riƙa zuba a gindin bango. A sa mai tsawo, a ajiye dutse ko fasasshen bulo inda ruwan ke faɗowa don kada ya haƙa rami. In rufin kwano ne, a bi ƙusoshi, a toshe huda.

Ƙafa ta fi haɗari. Ruwan da ya kwana biyu a gindin bangon ƙasa yana hawa cikinsa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ƙasan ya yi laushi alhali sama tana nan da nauyinta. Maganinsa a yi wa gindin bango dakali na dutse ko bulo da siminti, kamar zuwa gwiwa, a kuma zuba ƙasa a daddage ta yadda za ta gangara daga jikin bango zuwa waje. A nan ina da ja da abin da ya zama yayi, wato shafe bangon ƙasa da siminti tun daga sama har ƙasa a ce an gama. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau. Da ya tsage ruwa zai shiga bayansa ya rasa hanyar bushewa, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, fuska kuwa sumul. Ka ƙwanƙwasa da hannu. Inda ka ji yana amsawa kamar ganga, ya riga ya rabu da bango, a fasa a sake. Makubar da magina na da ke yi da ɓawon ɗorawa tana korar ruwa kuma tana barin bango ya sha iska, sai dai tana son sabuntawa.

Duk bangon da ya karkata ko ya yi tsagar da hannu ke shiga, a rushe shi tun da rani. Gara ka kayar da shi da kanka da ya zaɓi lokacin da zai faɗi.

Tsakar gida ta gangara zuwa rariya, rariyar kuma a faɗaɗa ta in ta yi ƙanƙanta. A ƙara wa dokin ƙofar zaure da na ɗakuna bulo ɗaya ko biyu. Masu ginin bulo kada su ce wannan ba nasu ba ne: katangar da aka ɗora ba tare da ginshiƙai ba tana faɗuwa in ruwa ya taru a bayanta, kuma soket ɗin da ke kusa da ƙasa gara mai gyaran wuta ya ɗaga shi sama. Abu ɗaya dai, kada ka yi cikon da zai juya ruwanka cikin gidan maƙwabci. Ban da haƙƙi, shi ma zai yi nasa cikon, ruwan ya dawo muku ku biyu.

Sai masai da rijiya, waɗanda su ne tushen cutar da ke biyo bayan ambaliya. A kwashe masai kafin damina in ya kusa cika, a ɗaga bakinsa, a yi masa murfi mai nauyi. Rijiya a gina mata baki mai tsayi da siminti, a rufe. In za a haƙa sabuwa, a nisanta ta da masai kamar mita 30, kuma kada ta kasance a gangarensa.

Lambatu na kowa ne

Ko ka gyara gidanka kamar fada, in kwalbatin bakin layi ya toshe da ledar fiya-wata da robobi, ruwan gidanka zai nufa. Wannan aikin gayya ne. A sami mai unguwa da liman, a sa rana kafin ruwa ya sauka, a sake wata a tsakiyar damina. A fara yashewa daga inda ruwa ke fita a yo sama. Kuskuren da muke maimaitawa kowace shekara shi ne tara dattin a bakin lambatu a tafi. Ruwan farko sai ya mayar da shi inda aka ciro shi. A haɗa kuɗin kura ko amalanke a kwashe a ranar. In kuma akwai kududdufin da ke shanye ruwan unguwa, wani na neman cike shi ya yanka filaye, ku yi magana tun ba a kawo tifar farko ba.

Buhunan yashi suna taimako ga ruwan unguwa. Buhun siminti ko na taki ya isa. Kada a cika shi tim, a tsaya a rabi ko sama kaɗan, don ya kwanta ya bi jikin ɗan'uwansa. A naɗe baki a ƙasa, a jera kamar bulo, na sama ya hau mahaɗar biyu na ƙasa, a tattake kowane layi. In an shimfiɗa leda mai kauri a jikin ƙofa kafin a jera, ya fi riƙewa. Layi uku zai tare ruwan da ba shi da zurfi. Ruwan kogi kuwa ba sa'ansa ba ne, kada ka dogara da shi ka ƙi tashi.

Kaya: me zai hau sama, me zai bi ku

Takardu tukuna. Takardar gida da ta gona, shaidar karatu, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardar haihuwa, katin asibiti da na rigakafin yara. A sa a leda biyu a ɗaure, a saka a bokitin fenti mai murfi ko wata roba da ba ta shan ruwa. Kafin nan a ɗauki hoton kowacce da waya a tura wa ɗan'uwa da ke wani gari ta WhatsApp, domin wayar ma tana iya bin ruwa.

Hatsi a ɗora a kan katako ko benci mai tsayi, nesa da bango. Iri na baɗi a ware shi daban a jarka busasshiya mai murfi, a rataye ko a kai ajiya gidan dangi a tudu. Manomin da ya rasa amfanin bana ya rasa iri, shekara biyu ya rasa. Taki, maganin feshi, fetur da kananzir su hau can sama, saboda in suka narke a ruwa sun zama guba a tsakar gida da rijiya. Uwargida ta duba kayan ɗakinta tun yanzu ta san abin da zai hau kan sif da abin da za a kai gidansu ajiya har kaka. Alƙur'ani da littattafai da alluna ma a nema musu wuri a sama.

Sannan a haɗa jaka guda a rataye kusa da ƙofa, kowa a gidan ya san ta. A ciki: robar takardun nan, tocila da batir, ƙaramar rediyo, abin cajin waya a cike, ashana a leda, kuɗi a hannu ƙananan canji don ranar ba za ka sami mai POS ba, kayan sawa ɗaiɗai, zani ko bargo, gidan sauro, sabulu, audugar mata, da abincin da ba ya son wuta kamar garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, gyaɗa da dabino. Mai hawan jini, ciwon suga, asma, sikila ko farfaɗiya a ware masa maganin akalla mako biyu. Jarka biyu na ruwan sha su kasance a cike a rufe kullum, ana sauya su. Babban mutum na buƙatar kimanin lita 3 a rana don sha kawai, ka lissafa da yawan gidanka.

Zaman da ya fi duk waɗannan muhimmanci

Ka tara iyali, har yara masu wayo, ku amsa tambayoyi huɗu. Ina za mu? Ta ina? Wa zai ɗauki wa? Yaushe?

Wurin zuwa ya zama tudu, kuma a ambace shi da suna: gidan Kawu, makarantar firamare, masallacin Juma'a. In gidan dangi ne a gaya musu tun yanzu. Hanya ta zama biyu, kuma aƙalla ɗaya ba ta bi ta gada ko kwalbati ba. Ku taka ta da ƙafa sau ɗaya tare da yara. A raba nauyi: wane zai goya Inna, wance za ta riƙe ƙananan biyu, wane zai ɗauki jaka, wane zai kashe wuta. Mai tsohon ciki, mai jego, tsoho da ba ya iya tafiya, da maras lafiya, waɗannan ba sa jiran ruwa ya zo. Da an yi gargaɗi a kai su. A rubuta sunan yaro da lambar wayar babba a takarda a sa a leda a aljihunsa. Malamin da ke da almajirai ya san adadinsu da inda kowanne ke kwana.

Akwai magana ɗaya da nake roƙon kowane magidanci ya furta da bakinsa. A gidajenmu mace ba ta saba fita ba da izini ba, kuma ruwa na iya zuwa kana kasuwa ko kana tafiya, waya ba ta shiga. Ka ce mata a gaban yara, "In ruwa ya kai wuri kaza, ki kwashe su ku tafi, kada ki jira ni, na yarda." Kada ka bar ta tsaye a tsakar gida tana neman layinka ruwa na hawa.

Wannan "wuri kaza" shi ne amsar tambaya ta huɗu. Ka kafa turke a ƙofar gida ko ka ja layi biyu da fenti a jikin katanga. In ruwa ya taɓa na ƙasa, a ɗaga kaya, a kai masu rauni da dabbobi. In ya taɓa na sama, kowa ya fita, babu shawara babu "bari mu ga". A sa na saman ƙasa-ƙasa yadda za a iya fita da yara a ƙafa. Amfanin alama shi ne ta cire gardama, domin a ranar zuciya za ta yi ta ce maka yanzu zai janye. Mazauna ƙasan madatsa kuwa alamarsu sanarwa ce. In hukuma ta ce a tashi, a tashi ko ƙasa a bushe take. Wani zai ce ai abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne, amma mai raƙumar nan da ya tambayi Annabi (SAW), ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Lokacin marka, a watan Agusta da Satumba, maƙwabta su raba kwana: duk daren da ake ruwa mai ƙarfi mutum ɗaya ya zauna a farke yana duba alama. A yi yarjejeniya da ladan cewa in abu ya taso za a yi shela da lasifikar masallaci.

Dabbobi a kai su tudu da wuri. In lokaci ya ƙure, a kwance su, a buɗe akurki. Akuya ko saniya a sake tana iya ceton kanta, a turke kuwa ba ta da dabara.

In ruwan ya zo

A kashe wuta daga babban makunni ko a cire fis, amma da busasshen hannu kuma ba a tsaye cikin ruwa ba. In ruwa ya riga ya kai wurin, a bar shi. A rufe tukunyar gas. Kada kowa ya kwana a ɗakin ƙasa da ya jiƙe. In ka ji ƙasa na zubowa daga rufi, ko ƙofa ta fara cijewa, ko azara na ƙara, ku fita a lokacin. Kada a raɓe a jikin katanga don fakewa.

Ruwa mai gudu ya fi yadda ido ke ganinsa ƙarfi. Santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa na tafiya da mafi yawan motoci. Mai babur da mai Keke su ji wannan da kyau. In dole sai an ratsa, a nemi inda ruwa ke kwance, a riƙe sanda ana dogarawa kafin a taka, domin lambatu da rijiya da masai duk sun ɓace a ƙarƙashi. Ƙananan yara a goye ko a kafaɗa. A nisanci turakun wuta da wayar da ta faɗo. In kwalekwale aka samu, kada a cika shi. A 2022 a Ogbaru ta jihar Anambra, masu gudun ambaliya ne jirginsu ya kife da su. Wanda ruwa ya tare ya hau gini mai ƙarfi, ya kira 112 in yana Najeriya, ya riƙa haska tocila ko kaɗa zani. Samari masu zuwa bakin gada ɗaukar bidiyo, a kore su. Kuma wanda ya fita kada ya koma ɗauko wani abu.

Bayan ya janye

Tsugune ba ta ƙare ba. Babba ɗaya ya fara shiga da rana, da takalmi mai rufi da sanda, ya duba bango da rufi kafin a kawo yara. Maciji da kunama su ma tudu suka nema, ana samunsu cikin katifa, bayan randa, cikin buhu. Kada a mayar da wuta sai mai gyara ya duba waya ta bushe. Janareta a waje, nesa da taga. Ginin ƙasa a ba shi kwanaki ya sha iska, don yakan faɗi bayan ruwa ya tafi.

Duk rijiyar da ambaliya ta shiga a ɗauke ta gurɓatacciya sai an kwashe ta an zuba mata sinadarin kulorin. Ruwan sha a tace da tsabtataccen ƙyalle, in ya yi duhu a sa alam ko dakakken ƙwayar zogale ya kwanta, sannan a tafasa shi ya yi minti guda yana tafarfasa, ko a sa ƙwayar kulorin bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta a jira minti 30. Alam kwantar da laka kawai yake yi, ba ya kashe cuta. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar, dabbar da ta mutu a ciki a binne. Hannu da sabulu kafin ci da bayan ban-ɗaki.

Wanda ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take ana hanyar asibiti: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kwalara na iya kashe mutum cikin sa'o'i, ba ciwon da za a kwana da shi a gida ba ne. Bayan mako biyu ko uku sauro zai yi yawa, a kwana cikin gidan sauro, a cike ramukan da ruwa ya kwanta.

Kafin a fara share-share a ɗauki hoton ɓarnar, a kai suna wurin mai unguwa don in jami'an NEMA ko na hukumar agajin jiha sun zo ƙidaya. Sannan kafin shatin laka ya goge daga jikin bango, ka sami ƙusa ko fenti ka ja layi daidai inda ruwan ya tsaya, ka rubuta wata da shekara a gefe. Da wannan layi za ka auna tsayin dakali, da inda soket zai koma, da inda buhunan hatsi za su zauna baɗi.